Allunan da nake lalatawa da gangan

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Na ga gara in riƙa rubuta abin nan yana tafiya, don sau da yawa sai ka ga abu a aji kace ai zan tuna, sati na zagayowa ka nema ka rasa. Ni malamin wayarin ne da gyaran kayan lantarki a wata kwalejin fasaha ta gwamnati, bana ni ke riƙe da 'yan aji uku, su 32, waɗanda zasu zana NABTEB ƙarshen shekarar karatun nan. Ga wanda bai santa ba, hukumar shirya jarabawa ce da aka kafa a 1992, hedkwatarta na Benin, ita ke ba yaranmu takardar NTC, wato shaidar kammala karatun fasaha, kuma ba aikin hannu kaɗai take tambaya ba, akwai Turanci da lissafi da fizik kaman kowane ɗan sakandare.

Abin da ya daɗe yana cina a rai shine yara iri biyu da nake samu duk shekara. Akwai wanda zai haddace maka dokar Ohm ta lissafin wuta tas, ya zana maka wayarin ɗin makunni biyu irin na matattakalar bene ba kuskure, amma ranar da ya haɗa da hannunsa kwan ya ƙi kamawa sai ya naɗe hannu yace Malam bai kawo ba, shikenan ya gama nashi. Akwai kuma wanda da yamma yake bin ogansa aiki cikin gari, hannunsa ya faɗa, amma ka bashi takarda sai ya miƙo maka ita rabi fara. Kuma da yawansu tun ranar da suka shigo makarantar nan an riga an karya musu gwiwa, a gida ake ce musu ai tunda baka samu sayans ba sai ka tafi teknikal, yaro ya shekara uku yana ɗauke da wannan maganar a ƙirjinsa.

To ga abin da na shirya. Na sa an yanko min filawud guda 6, kowanne zan ɗora mai fiyus da makunni da soket da holda da kwai, in haɗa shi daidai sannan in lalata wuri ɗaya da gangan in ɓoye. Aikin yaro ya nemo. Kafin ya taɓa komai zai rubuta min lamba daga 1 zuwa 5 a 'yar takarda, wato yadda yake jin zai iya. Ni kuma ina rubuta minti nawa ya ɗauka, sau nawa ya kira ni, sai in riƙa ajiye wannan kusa da makinsa na tes. Ina so in gani da idona ko iya gano matsala da yarda da kai suna bin yaro har cikin takardar jarabawa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Zama na farko. Wlh na tausaya musu. Matsalar da na saka mai sauƙi ce, a wani allon fiyus ne na sa ƙonanne, a wani kuma ban ɓare wayar sosai ba sai sukurun ya danne roba maimakon tagulla, ido zai ga kaman a ɗaure take amma wuta bata wucewa. Cikin 32 mutum 7 ne suka gano ba tare da sun kira ni ba. Sauran abin da suke yi shine su cire kwai su girgiza a kunne, su mayar, su kunna su kashe makunni kaman sau goma, sai su juyo su kalle ni. Maltimita, wato mitar awon wuta, na ajiye gefen kowane allo, wasu ko ɗaukarta basu yi ba, da na tambayi wani yace tsoro yake kar ya ƙona ta a ce ya biya.

Lambobin da suka rubuta sun bani mamaki. Yaran da ke bin oga cikin gari duk 5 suka sa. Wani siririn yaro mai zama bakin taga, wanda shi ke zuwa na ɗaya ko na biyu a tiyori, 1 ya rubuta, kuma haka ya tsaya minti 20 bai kwance sukuru ko ɗaya ba. Na matsa kusa nace kai me kake jira, yace Malam kar in ɓata. Nace ai a ɓace na baka shi.

Litinin, 28 ga Oktoba

Yau sati guda kenan babu wuta, ba mu kaɗai ba kusan arewa gaba ɗaya, layukan da ke kawo mana wuta daga babban layin ƙasa ne suka samu matsala. Man janareto kuma ba a maganarsa. Da farko na ɗauka aikin ya tsaya, sai abokin aikina na sashen kanikanci, dattijo ne muna ce masa Baba, yace Malam me zai hana ka mayar da allunan kan batirin mota. Ya ara min batir biyu, na siyo kwan sigina mai wat 21 na canja holdodin, komai ya koma bolt 12.

Ashe alheri ne a ciki. Da na ce musu wannan wutar ko ka kama waya da hannu ba zata ja ka ba, sai na ga kafaɗu sun sauka, har wanda bai taɓa matsowa ba ya matso. Ban taɓa lissafa yadda tsoron bolt 230 yake daskarar da tunanin yaro ba sai yau. Na dai ja musu kunne kan kar su haɗa kawunan batir da filaya ko waya don tartsatsin da zai yi ba wasa bane. Kuma lissafi ya shigo da kansa, nace kwai wat 21 a kan bolt 12 amfiya nawa zai ja, suka raba suka samu 1.75, muka sa mita a layi muka ga ta nuna kusa da haka, wani yace laa Malam ashe da gaske ne. Shekara biyu yana rubuta wannan fomula a littafi bai taɓa yarda tana da alaƙa da waya ba.

Na koya musu raba layi biyu. Maimakon ka bi waya tun daga farko kana lalube, auna tsakiya, in wuta ta iso nan to matsalar na gaba, in bata iso ba tana baya, sai ka sake raba wancan rabin. Awo uku ko huɗu ka ritsa ta.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Wuta ta dawo tun ƙarshen wancan watan, na mayar da alluna uku kan 230 ina tsaye a kansu, uku na bar su a batir.

Yau abin da ya faru sai na rubuta shi da tsawo. Akwai wani ƙaton yaro, shekara huɗu yana bin wani mai wayarin a unguwarsu, yaran ma Injiniya suke ce masa, kullum 5 yake rubutawa kuma sau biyu a jere yana ganowa cikin minti uku. Yau na yanke masa nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a cikin akwatin haɗi na bar kwan a jiki. Duk mai sana'ar nan ya san abin da ke biyo baya, wuta zata bi ta cikin kwan ta dawo ta tsaya a wayar nutural, in ka sa testa ɓangaren biyu duk zasu kawo haske. Yana sa testa ya ga nan ja nan ja sai yace Malam wuta ta haɗe, laif biyu ne, wato duk wayoyin biyu masu kawo wuta ne. Nace to gyara. Ya canja kwai, ya canja holda, ya canja makunni, ya kwance soket ya mayar, gumi na zuba, minti 35. Mita na gefensa bai kalle ta ba don shi a wajen ogansa testa ce komai. Da ƙarshe ya jefar da sukundireba yace allon ne ba kyau.

Ban yi masa faɗa ba. Na kashe wuta na cire fulogi nace ɗauki mita ka sa ta a inda take ƙara, bi min nutural daga holda zuwa tushe. Awo na biyu ta yi shiru. Ya buɗe akwatin ya ga wayar a yanke. Ya daɗe yana kallonta sannan yace Malam wlh mun taɓa samun irin wannan a wani gida, oga ya sa aka sake jan waya gaba ɗaya, mai gidan ya biya kuɗi masu yawa. Na ga abin ya taɓa shi sosai.

Wannan yaron shi ya fara nuna min cewa lambar 5 ɗin kala biyu ce. Akwai 5 ta wanda ya san hanyar da zai bi in abu ya ƙi, akwai 5 ta wanda ya saba cinka yana dacewa. Ta biyun ranar da cinka ya ƙare bata da wajen zuwa, kuma a sana'armu irinta ce ke tada gobara a kasuwa lokacin hunturu.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Injiniya ya rubuta 3 yau, ya fara da mita, ya gano cikin minti 8. Na bakin taga har yanzu 1, amma ya kwance makunni da kansa. Mita ɗaya ta ƙone, wani ya auna soket tana kan awon amfiya. Fiyus ɗin cikinta ne kawai, na canja a gabansu na nuna musu dalili, ban ce kowa ya biya ba, don in na ce a biya gobe ba mai ƙara taɓa ta.

Talata, 10 ga Disamba

Na gama makin jarabawar zangon farko kuma gaskiya jikina yayi sanyi. A wokshop an samu canji wanda ko makaho zai shafa ya ji, yanzu sama da 20 ke gano matsala basu kira ni ba. Amma takarda kusan tana nan inda take. Na zauna da takardun har dare ina dubawa ɗaya bayan ɗaya, sai na lura da wani abu, tambayar da ta zo da zane ko lamba zalla sun taɓuka, wadda ta zo da dogon Turanci kuwa nan ake barin fili. Akwai tambayar da na yi kan dutsen guga mai wat 1000 da butar lantarki mai wat 2000 a kan soket ɗaya mai amfiya 13, ko zai ɗauka. Lissafin bai wuce ka haɗa 3000 ka raba da 230 ka samu 13 da 'yan kai ba, wato ya kai maƙura. Washegari na karanta musu ita da Hausa a baki, hannu sama da goma ya tashi, cikinsu har da waɗanda suka bar wajen fari fat.

Kenan yaron ya iya, Turancin ne ya tare ƙofa, kuma da ya ga layi huɗu na Turanci zuciyarsa ke ce masa wannan ba naka bane tun bai karanta ba. Ƙarfin gwiwar da ya samu a kan allo bai biyo shi aji ba, a bakin wokshop ya tsaya. Na ɗauka abin zai tsallaka da kansa. Bai tsallaka ba.

Laraba, 15 ga Janairu 2025

Mun dawo, sanyi ya hana yaran sakewa da safe sai wajen ƙarfe goma. Cikin hutu na koma kan abin da muka karanta lokacin muna kwalejin ilimi, matakai huɗu na warware matsala da wani masanin lissafi ɗan ƙasar Hungari, George Polya, ya fitar a 1945, ka fahimci matsalar, ka tsara yadda zaka ɓullo mata, ka aiwatar, ka waiwaya ka duba. Sai na ga ai shi muke yi a kan allo ba tare da mun kira sunansa ba. To yanzu na mayar da tambayar jarabawa ita ma allo ce da aka lalata. Na ce musu kar wanda ya fara lissafi, fara ja layi ƙarƙashin duk lambar da aka baka, wannan shine abin da mita ta nuna maka. Sannan nemo abu ɗaya da ake tambaya, shine kwan da ya ƙi kamawa. Sannan ka zana da'irar da hannunka ko ba a ce ka zana ba. Na yarda su rubuta fassarar tambayar da Hausa a gefen takarda da fensir kafin su amsa da Turanci.

Malamin Turancinsu bai ji daɗin wannan ba da farko, yace Malam kana ƙara nisanta su da harshen da za a tambaye su dashi. Maganarsa na da ƙamshin gaskiya, ban musa ba. Mun zauna mun daidaita, zan bashi kalmomin da suka fi yawo a tsofaffin takardun NABTEB na sashenmu, irin waɗanda ke nufin lissafa, bayyana, kwatanta, faɗi dalili, shi kuma ya riƙa cusa su a darasinsa. Mun fara da 25.

Na kuma ƙara abu ɗaya, lambar 1 zuwa 5 yanzu har a tes suna rubuta ta gefen kowace tambaya.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Yau na bakin taga ya gano matsala shi kaɗai, kuma mai wuya na bashi. Makunni biyu na bene ne na sauya wayar tsakiya da ɗaya daga cikin wayoyin da ke tsallakawa tsakanin makunnan, sai kwan ya zama yana kamawa ta wani ɓangaren, in an juya ɗaya makunnin kuma ya ƙi sam. Abin da yayi ya burge ni, bai taɓa allon ba sai da ya zana tebur a takarda, sama sama, sama ƙasa, ƙasa sama, ƙasa ƙasa, ya gwada kowanne ya rubuta ya kama ko bai kama ba, ya kalli zanensa yace Malam an sauya waya a cikin ɗaya daga makunnan. Ya buɗe na hagu, matsalar tana nan. Kwan na kamawa ajin ya ɗau tafi ba wanda ya sa su, shi kuma ya sunkuyar da kai yana murmushi hannunsa na rawa.

Wata uku ina ce masa kai fa ka iya, kai fa mai ƙoƙari ne, lambarsa bata motsa daga 1 ba. Sati biyu da suka wuce na haɗa shi da wani yaro da suke unguwa ɗaya wanda shi ma ba gwani bane, ya ga wancan ya gano tasa, ya koma 2. Yau bayan ya gama na ce in an baka wani gobe nawa zaka rubuta, yace 4. Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam na jami'ar Stanford a Amurka, tun 1977 ya rubuta cewa yardar mutum da iyawarsa daga wuri huɗu take zuwa, nasarar da yayi da kansa, ganin wani irinsa yayi, ƙarfafawar baki, da yanayin jikinsa kaman tsoro ko natsuwa, kuma ta farkon ta fi sauran ƙarfi. Na karanta wannan da daɗewa don cin jarabawa, bana na ganshi a tsaye a wokshop ɗina, har da batun tsoron, wanda batirin Baba ya nuna min.

Na daina ce musu kana da ƙoƙari haka kawai. Yanzu abin da yaro yayi nake faɗa masa, ka auna kafin ka kwance, ka kashe wuta kafin ka sa hannu, wannan yayi.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Gobe za a rufe makaranta, jiharmu na cikin waɗanda suka bada hutu saboda azumi, sai bayan sallah. Sati biyar ba allo ba mita, ga jarabawa na matsowa, abin na damuna.

Tes ɗin da muka yi ranar Litinin ya ɗan faranta min. Filin da ake bari fari ya ragu sosai, ko wanda bai samu amsa ba zaka ga ya ja layi ya zana da'ira ya fara wani abu, kuma a irin wannan jarabawar matakan aiki ma suna da maki. Na jera lambobin da suka rubuta gefen tambayoyi da abin da suka samu, waɗanda suka fi kowa maki ba masu 5 ko'ina bane, sune waɗanda in sun sa 4 suna ci, in sun sa 2 kuma da gaske wajen ya basu wuya, wato sun san inda suka iya da inda basu iya ba. Aji ɗaya ne dai, yara 32, kuma ni ke koyarwa ni ke maki, don haka na roƙi wani malamin sashenmu ya riƙa yi min makin tes na gaba ba tare da ya ga lambobin ba.

Akwai yara 5 da har yanzu ban samo kansu ba. Biyu basa zuwa sosai, ɗaya acaɓa yake yi da safe don shi ke ciyar da ƙannensa, in ya zo ma barci ke ɗaukarsa. Ɗaya kuma na gano karatun ne kwata-kwata bai zauna ba, ko Hausar ma da ƙyar yake haɗawa, amma a kan allo yana cikin goman farko. Na ba kowa tsofaffin tambayoyi 10 ya tafi dasu gida.

Laraba, 9 ga Afrilu

Mun dawo ranar Litinin, zafi ya sauka, wokshop kaman tanda. Mutum 19 suka kawo aikin hutu. Na sa musu allo don in ga ko hannu ya manta, bai manta ba, sai dai sun ɗan yi nauyi.

Na bakin taga ya same ni bayan an tashi yace Malam na gyara fankar masallacinmu cikin azumi, kafasito ne ya mutu. Na ji daɗi har raina, sannan gabana ya faɗi, nace ka kashe wuta daga ina, yace daga makunni. Nace in wanda yayi wayarin ɗin nutural ya bi da shi ta makunnin fa, ka san laif na nan a jikin fankar ko an kashe? Yayi shiru. Wannan laifina ne, na buɗe musu ƙofar yarda da kai ban ƙarfafa wannan darasin yadda ya kamata ba. Don haka sati mai zuwa duk allunan 6 abu ɗaya zan saka musu, makunni a kan nutural, kwai a kashe amma holda da wuta, kowa sai ya auna ya gani da idonsa, kuma ba mai ƙara kwance komai sai ya cire fiyus ko ya sauke babban makunni ya sake aunawa a gabana.

Injiniya ya tambaye ni ko zan ara masa mita ɗaya ranar Asabar ya nuna wa ogansa yadda ake bin waya da ita, nace ya zo ranar Juma'a ya sa hannu a littafi ya ɗauka. Tes na gaba 23 ga wata, wancan malamin ne zai yi maki. Yaron da karatunsa bai zauna ba kuma na yi magana da malamin Turanci, zamu riƙa zama dashi minti 30 bayan azahar ranar Talata da Alhamis, mun fara jiya da kalmomin da ke rubuce a jikin mita.